Digirin Asabar da Lahadi da Na Jefa Ƙanwata a Ciki

A lokacin da wannan abu ya faru ni malamar firamare ce a Tsafe, ina da aure da 'ya'ya, kuma ba abin da nake nema ruwa a jallo kamar digiri. Waɗanda muka fara aiki tare duk sun wuce ni, ni kuwa ba na iya ganin an wuce ni in yi barci. Sai wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wata cibiya a Gusau, wai reshen wata jami'a ce ta ƙasar waje, Asabar da Lahadi kawai ake zuwa, kafin ka ankara ka gama. Ban tambayi komai ba, na shiga.

Tun makon farko raina ya ba ni akwai lauje cikin naɗi a wurin. Ajin wata firamare mai zaman kanta suke ara, mu zauna a bencin yara gwiwoyinmu na dukan tebur. Malami ɗaya ne ke koyar da darussa kusan duka, ranar jarrabawa kuma mai tsaronmu ya juya baya ya rubuta amsa a allo. Ni da nake dukan yara kan satar amsa, haka na sunkuyar da kai na kwafa. A mota in muna komawa Tsafe zuciyata ta yi ta damuna, in ce mata ta yi mini shiru, ai kowa ma haka ya yi nasa. Ranar yaye mu rigar bikin ba ta kai mu ba, karɓa-karɓa muka yi, wannan ta ɗauki hoto ta tuɓe ta miƙa wa ta bayanta. Duk da haka na je gida Bungudu aka yi mini walima.

Da a kaina abin ya tsaya da ban rubuto ba. Autarmu yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ta samu gurbi a jami'ar gwamnati, amma Baba yana ɗari-ɗari da zaman 'ya mace a makarantar kwana nesa da gida. Nan na yi uwa na yi makarɓiya. Na ce masa ga wuri a Gusau, ta je da safe ta dawo la'asar, digiri kuma digiri ne. Yarinyar ta same ni a ɗakin Inna tana hawaye, ta ce ta ji ana cewa wurin ba shi da rajista, don Allah in bari a bincika. Na balbale ta da faɗa, na ce wato nawa karatun ne take rainawa. A gidanmu ƙarami ba ya ja da babba, sai ta share fuskarta. Wallahi ba don ita na dage ba. Tsoro nake a bincika a gano nawa.

Ta gama, aka shiga jiran kiran bautar ƙasa. Shugaban cibiyar kullum sai ya ce rukuni na gaba, sunaye suna hanya. Ƙawayenta suka tafi suka dawo, ita tana gida tana taya Inna surfe. Ana haka aka zo tantance takardun ma'aikata, jami'in ya duba tawa ya ce hukumar da ke kula da jami'o'i ba ta san wannan makaranta ba, a nan gida ko a can ƙasar wajen. Na garzaya Gusau na tarar an cire allon sunan, mai gadi ya ce mutanen sun daɗe da yin layar zana. Ni an mayar da ni tsohon matakina na kafin digirin, na ci gaba da aiki. Ita fa? Shekarunta sun tafi, gurbinta ya tafi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga ana gudun bincike, to akwai abin da ake ɓoyewa, ko da a cikin gidanku ne. Iyaye da yayye, kafin ku kai yaro ko'ina ku je hukuma ku tabbatar an amince da makarantar da kuma kwas ɗin, kuma in ƙarami ya yi tambaya ku saurare shi. Hukumomi su ma su daina jira sai an yaye mutane sannan su rufe wuri. Bana ƙanwata ta sake zana jarrabawar shiga jami'a, a ɗaki ɗaya da yaran da na koya wa baƙaƙe a aji ɗaya. Da ta fito ta kira ni ta ce Yaya a sa ta a addu'a.