Hoton Ishiyaku Yana Cin Tsire

Shekara goma sha huɗu shagona na ɗinki yana manne da na Gali Mai Hoto a bakin kasuwar Rano, bango ɗaya ya raba mu. Ni ne Habu tela. Yau in ka ambaci Gali sai ka ji ana cewa ai mutum ne mai son mutanen garinsu, shi ya sa ya cika akwatuna da hotunansu. Ni dai dariya nake yi. Farauta Gali yake yi, mutum ɗaya tak yake nema, sauran jama'a duk faɗowa suka yi a hanya.

Ɗan malamai ne daga Zurgu. Mahaifinsa ya tura shi Kano ƙaro karatu, shi kuwa ya ɓige a Sabon Gari wurin wani mai hoto ɗan kudu, ya shekara shida yana yi masa wankin hoto. A 1956 ya dawo Rano da akwatin hoto biyu. Babban mai ƙafa uku ne da baƙin ƙyalle, wanda ake zaunar da mutum a kujera a ce kada ya motsa. Ƙaramin kuwa a wuya yake rataye shi, ya sauko masa har cibiya. Ba a kai shi ido, ta sama ake leƙawa, sai ka zaci Gali yana duba ko rigarsa ta ɓaci, ashe an gama da kai.

Ya kuma dawo da wata mummunar ɗabi'a ta birni, wato ci a tafe. Ƙosai a hannun dama, akwatin hoto a kan cibiya, yana ratsa kasuwa yana tauna. Na yi masa faɗa har na gaji.

"Haba Gali, ɗan malam guda, kana tauna a tsakiyar kasuwa kamar akuya?"

"Habu, hasken safe ba ya jirana in zauna in wanke hannu," in ji shi. Ya ƙara jefa ƙosai a baki.

Da kakar 1957 mijin yayarsa Ikilima ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gona ɗaya a hanyar Yalwa, gona mai kyau, bakinta ɗaya a fadama. Lokacin da ciwo ya kwantar da marigayin, ya ba ƙaninsa Ƙasimu aron gonar ya riƙa nomawa kafin ya ji sauƙi. Gali yana zaune a zauren ranar, da kunnensa ya ji an ce aro. Ana yin sadakar arba'in Ƙasimu ya ce kyauta ce aka yi masa. Magana ta kai gaban alƙali, Ƙasimu kuwa ya zo da Ishiyaku a matsayin shaidarsa.

Bari in gaya muku wane ne Ishiyaku. Ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Abin da ya mallaka shi ne farin gemu da tafiya a hankali da murya ƙasa-ƙasa. Ɗaurin aure, cinikin gona, rabon gado, duk shi ake kira ya zauna shaida, daga Rano har ƙauyukan da ke kewaye. Ba wanda ya taɓa ganin ya ƙyalƙyale da dariya ko ya sha ruwa a tsaye. Wannan natsuwar ita ce sana'arsa, da ita yake ci da ita yake sha. Ni tun fil azal jinina bai haɗu da nasa ba, duk da yake a wurina yake ɗinki.

Na rufe shago na je kotun. Ishiyaku ya ce a gabansa aka yi kyautar, ya faɗa lumui kamar mai karanta wasiƙa. Da Gali ya miƙe zai ba da tasa shaidar, sai Ishiyaku ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta malam, ina da magana a kan wannan mai shaida. A kasuwa yake cin abinci, a tsaye, a tafe, a gaban kowa. A tambaye shi."

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. A wurin alƙalan wancan zamani, babban mutum da ke ci a bainar jama'a a kasuwa ya zubar da mutuncinsa, wanda kuma ya zubar da mutuncinsa ba a karɓar shaidarsa. Alƙali ya dubi Gali ya ce, "Haka ne?" Ba damar musu. Rabin waɗanda ke zaune a wurin sun taɓa ganinsa da ƙosai. Aka ce ya koma ya zauna. Wani ya yi dariya daga baya, wasu suka taya shi. Gonar marayu ta tafi hannun Ƙasimu tun kafin azahar.

Gali ya biyo ni shago ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Idanunsa sun yi ja wur. Can ya ce, "Habu, shi ma ai yana da baki. Wallahi sai na ga inda yake ci."

Daga ranar bai sake kai komai bakinsa a waje ba, ko goro. Ya kuma shiga bin Ishiyaku. Kowace ranar kasuwa yana bayansa da taku ashirin, kansa a sunkuye yana leƙen akwatin. Abin da ya samu daga masu zuwa ɗaukar hoton kujera, a fim yake ƙarewa. Da rana tsaka zai shige ɗakin baya, ya toshe ƙofa da bargo, ya fito yana warin magani, ya shanya hotuna a igiya kamar wanki.

Hotunan da ake yabo yanzu ke nan. Wanzami yana yi wa wani ƙaho, mutumin ya runtse ido. Mata masu fura suna faɗa a kan inuwa. Jaki ya kwanta da buhunan gyaɗa a ƙofar gari ya ƙi tashi, mai shi yana roƙonsa. Maza a layin zaɓen 1959, wani ya yi barci a tsaye. Ranar samun mulkin kai, wani tsoho ya riƙe ƙaramar tuta bai san abin da zai yi da ita ba. Ba mai kallon akwatin a cikinsu, kowa yana harkar gabansa. Amma ka ɗauki kowanne ka duba gefe da kyau. Za ka ga bayan wani rawani, ko hannun wata farar riga, ko rabin gemu. Ishiyaku ne, bakinsa a rufe.

Ya san ana bin sa, kuma abin yana yi masa daɗi. Sai ya zo wucewa ta ƙofar shagon ya tsaya, ya ce, "Malam Gali, an karya kuwa? A riƙa zama dai in za a ci." Ya wuce a hankali. Sau biyu ina riƙe Gali don kada ya kai masa duka. Ni kaina almakashi yana hannuna wata rana, sai da na ajiye shi nesa.

Ikilima kuwa ta koma saƙar faifai da surfe a gidajen mutane. Duk damina 'ya'yanta suna wucewa ta gefen gonar ubansu suna ganin dawar wani.

Shekara uku cur ba a samu komai ba. Sai wata rana a farkon 1961 Gali ya je kasuwar Kibiya ɗaukar masu tukwane, ba don kowa ba, ya ce ya gaji ne. Da ya wanke hotunan ya miƙo min ta taga. Ina dubawa, a ƙuryar ɗaya daga ciki, can bayan rumfunan mahauta, sai na hango keke jingine da zana.

"Gali, zo nan. Ka ga rigar sirdin keken nan mai geza? Ni na ɗinka ta."

"Ta wa?"

"Ta mutuminka."

Ashe abin da munafukin yake yi ke nan. A Rano ba ya ko kallon inda ake gasa nama. Sai ya hau keke ya tafi Kibiya da sunan gaishe-gaishe, ya zagaya bayan mahauta inda yake ganin ba mai saninsa, ya kashe kwaɗayinsa.

Kasuwa huɗu Gali ya yi yana zuwa. Ya sa malfa da tsohuwar taguwa, ya zauna cikin masu sayar da igiya, ya yaga 'yar kafa a jikin zanar daidai idon akwatin. A ta huɗu Allah ya kawo Ishiyaku. Har yau in na rufe ido ina ganin hoton. Ishiyaku a tsugune, rawani ya zame baya, tsinken tsire biyu a hannu ɗaya, baki a wangale, garin ƙuli duk ya ɓata gemun. Ga mutane suna wucewa ta bayansa, ga wani kare a gefe ya zuba masa ido.

Gali ya fara kai wa Ikilima ta gani. Ta duba, ko murmushi ba ta yi ba.

"Gali, kada ka nuna wa kowa. Ka kai masa gida, ku biyu. Ka ce ya je ya gyara maganarsa gaban alƙali, sai ka ba shi abinsa ya ƙona. Ni gona nake so."

Ya dawo yana juya maganar, har ya fara karkata. A nan ne ni na sa baki, kuma ba zan ɓoye ba.

"Shi a ɓoye ya tozarta ka? A gaban gari ya yi maka. Ka shekara uku kana yawo a rana, sannan ka kai masa har gida kamar tukuici? Kafa shi kowa ya gani. In ya ji zafi zai zo da ƙafarsa, gonar ma ta dawo."

Ni na ba shi ƙusoshin. Ni na riƙe masa hoton ya buga a jikin ƙyauren shago, ranar kasuwa da hantsi.

Kafin azahar ba ta inda za ka bi ka wuce. Mutane har hawa wuyan juna suke yi. Mahauta suka baro rumfunansu suka zo suna tafawa. Wata mai daddawa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kafin mako ya zagayo sunansa ya koma Ishiyaku Mai Tsire. A wani ɗaurin aure a Yalwa ya matso gaba kamar yadda ya saba, sai waliyyin amarya ya ce, "Malam, huta abinka, mun samu shaida." Wata biyu ba wanda ya aika masa ko da goro. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi, kuma har gobe in na tuna fuskarsa a kwanakin nan sai in ji sanyi a raina.

Ya zo kamar yadda na faɗa, wata Laraba bayan la'asar. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya cire takalmi a ƙofar shagon Gali, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a layin nan.

"Malam Gali, ka rufa min asiri. Ka cire abin nan."

"Aro ne ko kyauta?"

Ya dubi ƙasa. "Aro ne."

"To, ba ni za ka gaya wa ba. Ka san hanyar kotu."

Aka sake zama. Ikilima ta zo da 'ya'yanta duka huɗu, ta yi musu wanka. Ishiyaku ya tsaya ya ce ya ji tsoron Allah, abin da ya faɗa a da ba haka yake ba, aro ne. Gali ya matse hannuna har ya yi min zafi. Sai Ƙasimu ya miƙe, ko gaggawa bai yi ba.

"Allah ya gafarta malam, lokacin da mutumin nan ya ba da shaida ta farko, mutum ne mai mutunci, kowa ya sani. Yanzu kuwa a kasuwa yake ci. Hotonsa yana nan kafe, duk Rano ta gani."

Alƙali ya tambayi Ishiyaku ko shi ne a hoton. Ya ce shi ne. Alƙali ya ce to ba zai warware hukuncin da aka yi da shaidar adali ba saboda maganar wanda ba a karɓar shaidarsa. Ya kira shari'a ta gaba.

A waje Ikilima ta tsaya ta dube mu, ni da Gali, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kun rama?" in ji ta. "To, Allah ya ba ku lada."

Ta kama hannun ƙaramin suka tafi.

Gali bai cire hoton ba. Rana ta ci shi ya koɗe, ya wanke sabo ya sake kafawa, haka har Ishiyaku ya bar garin ya koma wurin 'yarsa. Ƙasimu ya ci gaba da noma gonar, 'ya'yansa ne a ciki har yau. Gali ya ci gaba da yawo da akwatinsa saboda hannu ya riga ya saba, ya ɗauki kusan kowa a Rano, mai so da marar so.

Sau ɗaya na ga ya gwada ɗaukar yayarsa. Ta shigo kasuwa da faya-faye a ka, hasken safe ya sauka a fuskarta, ya sunkuya yana leƙen akwatin. Sai ta tsaya cak ta zuba masa ido. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya sa tafin hannu ya rufe idon akwatin har ta wuce. Bayan rasuwarsa 'ya'yan Ikilima suka zo neman hoton uwarsu, muka kwana biyu muna zazzage akwatuna goma sha ɗaya. Ba mu samu ko ɗaya ba.