Ranar da Aka Kwance Kawu

Ko tsufa ya cinye mini sauran abubuwa, ba na jin zan manta ranar da muka koma Barmou don a kwance Kawu daga igiyar da mu muka ɗaure shi da ita.

Lokacin ina ƴar makaranta a Tahoua, yayana kuwa son haɗa fim ya shiga jininsa. Ba mu da kamfani, ba mu da mai ɗaukar nauyi. Kamarar ma aro ce daga wani mai ɗaukar hoton biki. Shirinmu a kan wata budurwa ne mai bin diddigi: in an yi sata a unguwa, ita ke bin sawu har ta gano mai laifi. Ni ce budurwar. Kashi-kashi muke yi, a yi ta turawa ta waya, har yara suka fara nuna ni a kasuwa. Kaina kuwa ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Da muka zo kashin satar rago, Yaya ya ce yana son dattijon da ba wanda zai zarga. Sai muka tuna Kawu, wan mahaifiyarmu, manomi a Barmou. Da muka faɗa masa, dariya ya yi har rawaninsa ya karkace.

"Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, yau rago zan sata? To, in dai wasa ne, ku taho."

Ya kuwa iya. A ƙarshen kashin na nuna shi da yatsa, samari suka ɗaure masa hannu, ya sunkuyar da kai kamar gaske.

Da aka gama haɗawa muka kai musu su gani. Bayan magariba aka rataya farin zane a jikin garu, aka tada injin wuta, gari ya taru. A cinyar Kawu jikarsa ke zaune, ƴar ƙarama da ko makaranta ba ta shiga ba. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta yana Abijan wurin nema, don haka Kawu ne duniyarta. Da aka zo wurin ɗaurin, mutane suka fashe da dariya. Ita kuwa ta dubi zanen, ta juyo ta kama hannuwan kakanta tana shafa wuyan hannun, sai ta ƙwalla ƙara. Aka rarrashe ta, muka ɗauka abin ya wuce, muka koma gida.

Ashe bai wuce ba. Matar Kawu ta kira mahaifiyarmu ta ce yarinya ta daina cin abin kirki. Ko masallaci Kawu zai je, tana riƙe da gefen rigarsa. Da ta ji ƙarar babur sai ta ɗauka an zo kama shi, ta tura shi ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa. Yaran unguwa kuma sun sa mata suna jikar ɓarawo. An yi mata bayani har an gaji, amsarta ɗaya ce: "Na ga lokacin da anka ɗaure shi, ban ga lokacin da anka kwance shi ba."

Na ce wa Yaya mu koma mu sake kashi, a nuna mai binciken ta yi kuskure. Ya ce sam. Mai binciken da ke kuskure ta kashe shirin, ga shi yini guda ya rage mai kamara ya karɓi abinsa, kuma a wannan yinin ne za mu ɗauki babban kashin da ya daɗe yana mafarki, a tsakiyar kasuwa. Ni ma a raina ban so a ga na faɗi ba. Sai ga Kawu ya kira Yaya a waya, muryarsa a sanyaye.

"Ɗana, ni tsoho ne, kowa ya san ni, ko mi anka kira ni ba ya manne mini. Ita ce ba ta da inda za ta aje wanga abu."

Yaya ya aje wayar, ya ce in ɗauko mayafin da nake wasa da shi.

Da safe muka isa. Yarinyar tana ganina ta ruga ta tare ƙofa. Kawu ya durƙusa ya ce mata, "Yau sun zo a kwance ni ne, kuma sun ce ba mai iyawa sai ke." Labarin da Yaya ya ƙirƙira a kan hanya mai sauƙi ne: ragon ne ya tsinke igiyarsa ya bi garken makiyaya, ba wanda ya sace shi. Aka kira yaran unguwa duka su kalla. Aka ɗan zagaya igiya a hannun Kawu, sako-sako. Na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, na yi kuskure, ka yafe mini."

Yaya ya riga ya koya wa yarinyar kalmomin da za ta faɗa, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta zo ta kama ƙullin da ƴan yatsunta, ya ƙi, ta sa haƙori. Da igiyar ta faɗi, ta hura wa hannuwansa iska yadda ake yi wa yaron da ya ƙone. Sai ta juyo gare ni, fuska a murtuke.

"Gwaggo, kada ki koma."

"Ba zan koma ba," na ce.

Kawu ya ja bakin rawani ya rufe fuskarsa. Na waiga na ga Yaya yana share ido da kafaɗa, don hannuwansa na riƙe da kamara. Da rana ta yi, ta shanye furarta tas, ta bar kakanta ya tafi sallar azahar shi kaɗai.

Babban kashin kasuwa ba mu taɓa yinsa ba. Kashin kwance Kawu kuwa hotonsa na rawa, iska ta cinye rabin maganar, abokan Yaya suka ce shi ne mafi rauni a duk shirin. Wataƙila gaskiyarsu ce. Ni dai daga ranar na koyi cewa abin da muke kira wasa, akwai zuciyar da ke ɗaukarsa da gaske. In ka ba da labarin da ya ɗaure wani, kada ka tashi sai mai ƙaunarsa ya ga an kwance shi.