Injin Gem Mai Baki Biyu

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, Kawu Sale ya shigo gidanmu na Limawa da kwali a kafaɗa. Ƙanin mahaifiyarmu ne, mutumin Ringim, ya yi shekara huɗu yana tuƙa motar wani gida a Jidda. Muna kan tabarma ni da ƙanina Nafi'u muna ɓarar gyadar iri, Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakin girki. Ya sauke kwalin ya ce tsarabar yara ce. Da aka yanke igiya sai ga wasu abubuwa na roba masu launin toka, kowanne ya fi tafin hannun babba, da hoto manne a gaba: wannan mota, wannan jirgi, wannan mutum da takobi. Na jera su na ƙirga, ashirin da uku. Inna ta ga daga Saudiyya suka fito, sai ta ce kada wanda ya taɓa bai wanke hannu ba, ta yiwu karatu ne a ciki. Kawu ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce kaset ɗin gem ne, na 'ya'yan maigidansa, sun girma sun daina yi. Injin da ake sa su a ciki kuwa ya lalace tun a can, bai ɗauko ba.

Haka muka yi damina guda da kaset babu inji. Ranakunmu a lokacin a tsare suke. Da asuba makarantar allo, daga nan ɗiban ruwa a rijiyar bayan masallaci, sannan boko, bayan Azahar a yanko wa awaki ciyawa, Asabar da Lahadi kuma gona. Wasan da muka sani langa ne, da gare, da ƙwallon tsumma a filin makaranta har a kira Magariba. Duk da haka kowace yamma sai mun fito da kwalin nan daga ƙarƙashin gado, mu goge kaset ɗin da gefen riga, mu yi ta musu a kan abin da ke cikin kowanne. Akwai wani gidan gem a bakin titi, wata rana na ɓoye ɗaya a aljihu na kai can. Mai wurin ya juya shi gaba da baya, ya nuna min nasa: ƙanana ne, rawaya, rabin namu. Bakin injinsa ma bai kai faɗin namu ba. Ranar na fara sanin cewa ba kowane inji ne ke karɓar kowane kaset ba.

Babanmu manomi ne, kuma mutum ne da ba ya yarda da kyan abu a ido. Ko irin da ya ajiye da hannunsa ne, kafin ya shuka sai ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, ya rataye a inuwa kwana uku, ya kwance ya ga nawa suka tsiro. In ka zo kana yaba masa wani abu, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gwada?" Da muka gama yankan riɗi a shekarar, ya ga ba mu yi ƙyuya ba, sai ya kira mu bayan La'asar ya ce zai saya mana injin, bisa sharaɗi uku. Na farko, ba a kunna shi sai an gama karatu da aikin gida. Na biyu, ni ne babba, ni zan zaɓa. Na uku, sau ɗaya zai saya; in na zaɓo wanda bai yi ba, ba mayarwa, ba sakewa, mu ci gaba da goge kaset ɗinmu har mu yi gemu. Mun san shi, abin da ya faɗa ba ya komawa kansa.

Asabar ta gaba muka tafi kasuwar Dutse mu uku. Na ɗauki kaset uku a leda, mai mota da mai jirgi da wani mai ƙwallo, na kuma ari ƙaramin rawaya guda a wurin wani ɗan ajinmu. Shagon na wani mutumin Kiyawa ne mai gyaran rediyo, yana saro kaya daga Kano. Inji uku ya fito mana da su. Na farko mai faifai ne, sumul, yana ƙyalli, irin wanda yaran gari suka fara magana a kansa. Na biyu sabo ne a kwalinsa, na ƙananan kaset, amma ya ce akwai wani mahaɗi da ake ɗora masa ya karɓi manya. Na uku na hannu ne, ɗan Kwatano, fari ne a da amma ya koma ruwan ƙasa, yana da baki biyu, babba da ƙarami, da hannu biyu da ake riƙewa a yi wasa, an ɗaure wayar ɗaya da salatif. Nafi'u yana ganin mai faifan ya manta da kwalinmu gaba ɗaya. Ya riƙa taka min ƙafa yana raɗa min cewa kada in kunyata mu.

An ɗauke wuta a lokacin. Mai shago ya rantse cewa na biyun ba abin da ba ya karɓa, mu ɗauka kawai mu tafi. Baba ya dube ni. Na ce zan jira wuta. Mutumin ya ce, "Malam, wannan ɗan naka alƙali za a yi ko ɗan sanda?" Baba ya ce ko ɗaya, manomi ne, ya jawo benci ya zauna. Muka yi Azahar a masallacin kasuwa, muka dawo, ya saya mana rake muka sha. Nafi'u ya yi fushi ya gaji ya yi gyangyaɗi. Sai dab da La'asar fankar shagon ta fara juyawa.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai faifai ba shi da inda za a sa kaset, wannan ba ya bukatar gwaji, amma sai da mai shago ya kunna mana ƙwallo a ciki, kuma gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Har gumin 'yan wasa kamar za ka gani. Zuciyata ta karkata sosai. Sai na tambaya ina ake samun faifan, ya ce sai an yi saƙo Kano, kuma in ya karce shi ke nan. Na biyu ya karɓi ƙaramin rawayan nan lafiya. Da aka ɗora mahaɗin aka sa mai mota, hoto ya fito yana rawa, mai jirgi ya tsaya cik a tsakiya, mai ƙwallo bai fito ba sam. Na ukun da aka sa masa kaset na farko, shuɗi kawai ya nuna. Mai shago ya zare, ya hura cikinsa sau biyu, ya mayar, sai ga mota a kan titi da kiɗanta. Ya karɓi na biyu, ya karɓi na uku, ya karɓi rawayan ta ƙaramin bakin. Na ce shi nake so.

Nafi'u ya ce, "Yaya, duk kasuwar nan ka rasa abin ɗauka sai murhu?" A hanya ko ledar ma ya ƙi riƙewa. Ni kaina gabana yana faɗuwa, don uku kawai na gwada, saura ashirin suna gida. Washegari bayan mun gama aiki Baba ya cire ƙyallen da ake rufe talabijin, na zauna na bi kwalin daga farko har ƙarshe, wanda ya yi in ajiye a dama, wanda ya ƙi a hagu. Sha tara suka yi. Huɗu ba su taɓa yi ba, duk hurawar da muka yi musu. A cikin sha taran akwai wanda mutum biyu ke yi tare, kowa da tankarsa ta yaƙi, suna tsare gida ɗaya. Na miƙa wa Nafi'u hannun da ba salatif. Ya karɓa yana ɓata rai, ya ce don dai kada tankar ta zauna banza ne. Kafin a kira Magariba yana ta ba ni umarni in tsare hagu.

Shekara biyar injin nan ya yi mana. Da mai faifai ya yawaita a unguwa, Nafi'u yakan zame ya tafi gidan maƙwabta, kuma ban hana shi ba. Amma duk yaron da ke da tsohon kaset da ya rasa inda zai sa, gidanmu yake kawowa, ko daga Kiyawa ne, ko wanda wani ya zo da shi daga Legas. Sunan murhu kuwa ya bi injin har ya mutu.

Yanzu ina da yara huɗu a nan Dutse. Bara na saya musu wani ɗan akwati da bai kai sabulu ba, an ce wasanni dubbai ne a cikinsa, tsofaffi da na ƙasashen waje, ba kaset ba faifai. Ya yi aiki yadda aka ce, ba ni da ƙorafi. Sai dai na lura ba sa minti biyar a kan wasa ɗaya. Su buɗe, su rufe, su wuce na gaba, daga baya kowa ya koma kan wayarsa a kusurwarsa. Nafi'u yana Ringim da iyalinsa, sai Sallah muke haɗuwa. Wani lokaci in yaran sun fita nakan zauna in kunna akwatin, in nemo wasan tankar nan, hannu ɗaya a wurina, ɗayan a kan kujera. Wasan yana nan yadda na san shi, abokin yi ne ya yi nisa.