Gidan Zanzaro a Bindigar Baba Ƙarami

A ƙauyenmu da ke bayan Kwoi, idan an gama haƙar citta aka shanya ta a kan duwatsu, yamma takan zama tamu. Da mun cinye tuwon acca sai mu kewaye murhun Kaka Saratu, mahaifiyar babana, kowa da guntun doyarsa a cikin toka. Ni ce mai zama daf da ƙafarta, don ni ce matsoraciyar gidan, kuma har yau ban ji kunyar hakan ba.

A shekarar da nake tunawa, ƙanin babana, Bulus, wanda muke kira Baba Ƙarami, yana da bindiga mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a saka harsashi. Ya ce don birai masu cin masararsa ya saye ta, amma kowa ya san yana son a gan shi da ita. Harsashinsa ya ƙare tun tsakiyar damina, sai bindigar ta zauna a rataye a ɗakinsa. Duk da haka kullum yakan sauko da ita ya goge. Ya fara da manja. Wani ya ce masa man kaɗe ya fi, ya gwada. Wani makanike ya ba shi baƙin mai a kwalba, shi ma ya shafa. Jikinta sai ƙyalli yake, amma bai taɓa leƙa cikinta ba.

Kaka kuwa ta daɗe tana ganin zanzaro yana shiga ɗakin da laka, yana fitowa babu komai. Ta san inda yake gini, ta kuma san abin da bindiga ke yi wa mai ita idan aka harba ta a toshe. Sai dai a gidanmu mace ba ta taɓa bindiga, ba ta sa baki a zancenta, ko da uwa ce. Ga Baba Ƙarami da taurin kai, in ka ce masa gabas sai ya yi yamma don kawai ka faɗa. Wata rana sai ya dawo daga kasuwa da sabon harsashi, washegari kuma za a fita farautar bayan Kirsimeti.

Da yamma a bakin murhu ya zauna can gefe da manjansa, mu kuma muka matsa wa Kaka. Ta ce ga tatsuniya ta zo baƙunta, wa zai ba ta kujera? Muka ce mun ba ta. Ban taɓa jin ta ɗaga murya kamar ranar ba.

Wai an yi wani maharbi mai son bindigarsa kamar jaririya, kullum yana shafe ta da manja har tururuwa suna bin ta. A garin akwai wata macen zanzaro da ta rasa wurin gini. In ta yi a bango ruwa ya wanke, in ta yi a rumbu yara su tsokale da kara. Sai ƙadangare ya ce mata ya san wani dogon ɗaki mai duhu, ba ya yoyo, mai shi kuma tsakar gida kaɗai yake sharewa. Ta je ta duba, ya yi mata. Ta kwaso laka ta yi gini, ta zuba tsutsotsi don 'ya'yanta, ta liƙe ƙofa.

Maharbin yana da maƙwabci mai tsohuwar bindiga marar kyan gani. Shi wannan, in ji Kaka, kafin komai sai ya tabbatar babu harsashi a ciki. Sannan ya jiƙa tsumma da kananzir, ya tura da sandar ƙarfe, ya canza wani, har sai tsumman ya fito fes. Ya bi da busasshe. A ƙarshe ya ɗiga man keken ɗinki, ɗan kaɗan kamar gishirin miyar marar lafiya, don manja daskarewa yake, ya kama ƙura ya riƙe kunamar bindiga. In ya gama sai ya ɗaga ta sama, sai ya hango gajimare ta cikinta kafin ya yarda.

Ranar farauta gwanki ya fito gaban mai manja. Ya saita, ya danna. Nan Kaka ta tsaya, ta juya doya a wuta. Hausarta ba ta damu da mace ko namiji ba, haka ta ce:

"Wuta ya taso da gudu, ya samu ƙofa a rufe. To ina zai je? Sai ya juya wurin wanda ya aiko shi."

Ƙanina ya tambaya ko maharbin ya mutu.

"Bai mutu ba," in ji ta. "Amma mamansa ne yana ba shi tuwo a baki, har ta tsufa."

Muryarta ta yi rawa a wurin, ni da ke jikin ƙafarta na ji. Ba ta ma rufe tatsuniyar yadda ta saba ba.

Baba Ƙarami ya yi dariya, ya ce, "Mama, ta yau ba daɗi." Ya ci gaba da shafa mansa. Can sai muka ji ya karya bindigar. Ya ɗaga ta saitin wuta, ya sa ido, ya daɗe a haka. Ya tashi ya nemo sandar ƙarfe ya zura, sai ga busasshiyar laka ta zubo da tsutsotsi a ciki. Ya tambayi mamata ko akwai sauran man kekenta, ya tsiyayi kananzir daga fitila. Kaka ta yage bakin tsohon zaninta ta ajiye a ƙasa kusa da shi, ba ta dube shi ba. Bai ce na gode ba, ita ma ba ta jira ba. Ta ɓare doya ta miƙa masa mafi girma.

Na yi shekaru ina ɗauka darasin shi ne a gyara ciki kafin waje. Har na koyar da shi haka a makarantar Lahadi a Kafanchan, yara suna gyaɗa kai. Ban fahimci cewa ba mu aka yi wa tatsuniyar ba sai da ɗana ya girma ya fara acaba. Kowace safiya yana wanke babur ɗinsa da omo har ka ga fuskarka a tanki, birki kuwa kuka yake tun daga bakin layi. In na yi magana sai ya ce, "Mama, me kika sani a mashin?" Yanzu na san irin tsoron da ke cikin waccan muryar, don shi ke kwana da ni.

Ran Asabar yana bakin famfo da soso, na zaunar da 'yarsa a cinyata na fara mata labarin maharbi da zanzaro. Ban yi nisa ba ta taɓa mini baki, ta ce, "Kaka, ai ga ni kusa da ke, me ya sa kike ɗaga murya?"

Na ce ta yi haƙuri ta saurara. Na ƙara ɗagawa.