Kayan Jariri Daga Kumasi

Sau biyu ina sayen kayan jariri a babbar kasuwar Tamale, sau biyu ina kyautar da su ba wanda ya sa. Masu tebur sai su leƙa cikina su yi mini barka da ƙarfi, kowa na ji. Ni malamar makaranta ce, a aji ina gaya wa yara kambun baka camfi ne. Amma da na samu ciki na uku, wallahi tsoro ya ci ƙarfin karatuna. Na koma yawo cikin zumbulelen hijabi, ban faɗa wa kowa ba sai maigidana.

Shi ya sa na koma sayayya a waya. Ba don araha ba, kuɗin mota ma ya cinye arahar. Waya dai ba ta da ido, ba ta da baki. Na samu wata mata a Kumasi, na zaɓi 'yan riguna da hula, na biya. Ta ce za ta sa a mota, mai babur ya ɗauko daga tasha.

Gidan hayarmu a unguwar Sagnarigu ba lamba a ƙofa, kwatance ake yi: bayan injin niƙa, kusa da bishiyar mangwaro. Mai babur ya ɓata, ni kuma ina aji, waya a kashe. Matar nan ta Kumasi, don kirki, ta rubuta addu'ar sauka lafiya ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Sai bawan Allah ya bi gida-gida yana tambayar ina mai ciki take, har ya gano gidanmu ya bar kwalin.

Da azahar na dawo. Tsakar gida tsit, ko kaza babu. A kan igiyar shanya ga rigunan a jere, an wanke su, suna ɗigar ruwa. Magajiya, tsohuwar da ke da gidan, tana zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwanta a jiƙe.

"Malama, ba a sa wa jariri sabon kaya ba wanki," in ji ta. "Wannan karon mace ce. Za ta zauna."

Ban taɓa gaya mata an yi wani karo kafin wannan ba, a unguwar Kasalgu muke lokacin. Na kwashe kayan a jiƙe na shige ɗaki, na dafa ciki ina jiran motsi har aka kira la'asar. Da nake ninkewa na ga riga ɗaya, mai ruwan ƙwai, babu ita. Ban iya tambaya ba.

Mace ce kuwa, ta zo da rai. Magajiya ta rasu kafin suna, 'ya'yanta suka sa wa ɗakin kwado. Tun da yarinyar nan ta fara tafiya, in na neme ta na rasa, can nake samunta a bakin ƙofar Magajiya, ba kowa a wurin, tana miƙa hannu a ɗauke ta.