Ƙafar Da Ba A Yi Wa Magani Ba

Rabin rumbunan unguwarmu a nan Zurmi, yayana Armiya'u ne ya gina su. Tun yana saurayi ƙafarsa ce jarinsa. Zai haɗa jar ƙasa da ciyawar ramno, ya naɗe wando, ya yini yana tattakawa har kwaɓin ya yi danƙo. Yakan ce hannu maƙaryaci ne, tafin ƙafa ne ke sanin ƙasa ta nuna. Mu kuwa muna masa tsiya cewa ko ƙaya tsoron kaushinsa take ji.

Daminar bara waccan, kududdufin da yake ɗibar ƙasa ya cika, sauro ya yi gari a ciki. Zazzaɓi ya kwantar da shi, gaɓoɓi na ciwo kamar an sassara su. Mu ai kowane zazzaɓi maleriya ne. Mai kemis ya danna masa allurai ba tare da ya auna komai ba. Zazzaɓin ya sauka don kansa, muka yi hamdala.

Ba a jima ba ya fara cewa kiyashi na yawo a ƙafafunsa. Daga nan sai suka yi nauyi, takalmi ya riƙa zame masa bai sani ba. Na ce a kai shi Gusau. Nan Kawu Nasidi, ƙanen mahaifiyarmu, ya daka mini tsawa.

"Ke Kulsumu, mi kika sani? Wanga ba ciwon asibiti na ba. Iskan kududduhi ya taka. Kuma wa za ya bi hanyar Ƙaura yanzu?"

Maganar hanya gaskiya ce, ban musa ba, don ta Ƙaura ake bi zuwa Gusau, kuma 'yan bindiga sun addabe ta. Amma sauran fa? Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Suka kira wanzami ya yi masa lalas. Ya gasa ƙarfe ya yi jawur, ya ɗora a tafin ƙafar dama. Ƙauri ya cika tsakar gida. Armiya'u na zaune yana kallo, ko gezau.

"Kun gani ko?" in ji Kawu. "Mutum na jin wuta bai motsa ba? Mai abin na ciki!"

Sai aka ƙara gasa ƙarfen. Wai sai aljanin ya yi kuka. Dattawa da gemunsu, babu wanda ya ce watakila mutumin nan ba ya ji ne kawai! Ƙafar hagu aka ce a bar ta sai wani makon.

Kafin makon ya zo, ta daman ta kumbura ta fara wari. Dole aka bi hanyar da ake tsoro. Likita ya ce mana ba maleriya kaɗai sauro ke kawowa ba, akwai wata ƙwayar cuta da kan taɓa jijiyoyi bayan zazzaɓi ya wuce, kuma sau da yawa jin yakan dawo in an kula. Ƙunar ce ta ruɓe har ƙashi. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Kawu ya zo dubiya ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta hura gawayin ba.

Yanzu Armiya'u igiya yake tufkawa a ƙofar gida. Masu sabon rumbu kan kawo masa kwaɓi a hannu ya duba, sai ya murza ya ce shi bai sani ba.

Ran nan ina sheƙar gero na ji ya ƙwala mini kira. Na same shi riƙe da ƙafar hagu, yana dariya, hawaye na zuba.

"Kulsumu, cinnaka ya cije ni. Wallahi na ji zahi!"

Ya daɗe yana shafa wurin. Sannan ya dubi dungulmin dama, dariyar ta ɗauke.

"Wagga da ba su yi ma magani ba," ya ce, "ita ta warke."