Daga Gazawa zuwa Gidan Sori neman wuyan tanki

Na fita daga gida ƙarfe biyar da kwata na asubahin Litinin, da ruɓaɓɓen ƙarfe a cikin buhu. Wuyan tankin a-kori-kurar mahaifina ne, wato bututun da esansi (man fetur) ke bi daga marfi zuwa tanki. Tsatsa ta cinye shi, ruwan damina yana shiga, motar ta mutu. Mai walda ya ce babu sauran ƙarfen da wuta za ta kama.

Ba don kasuwa nake son tayar da ita ba. Baba ya shanye ɓari guda tun azumi, ba ya iya zama, kuma ya ce a kai shi Gidan Sori ya ga ƙanensa, Baffa Illiya. Shekara goma sha ɗaya ba su yi magana ba saboda gonar gado. Sai dai a shimfiɗa masa katifa a bayan mota.

Agiye

Motar haya ta sauke ni kafin bakwai. Na sha koko da ƙosai, na jira garaji ya buɗe. Makaniken ya juya ƙarfen a hannunsa, ya girgiza kai.

"Malam, irin wannan sun ƙare. Ka ɗaure bidon esansi, jarka guda, a baya, ka ja tiyo zuwa inji. Kowa haka yake yi."

Na ce masa marar lafiya ne zai kwanta a wurin, ga rana, ga warin esansi. Ya miƙo min ƙarfena, ya ce in gwada Maraɗi.

Maraɗi

Mun tashi tara da rabi. Bayan Cadawa jandarma suka tsayar da mu, suka duba takardu, ɗaya ya leƙa buhuna ya tambaya ko tsohon ƙarfe nake sayarwa. Mun shiga gari sha biyu saura.

Rumfa bakwai na shiga wajen masu kayan mota. A ta biyar aka fito da wani mai kama da shi, jika goma sha biyu, amma gwiwarsa hagu ta karkata, tawa dama. A ta bakwai wani dattijo ya ce akwai matacciyar mota irin tamu a Cadakori. Na kwana Tsibiri, gidan wani abokina da muka yi karatun lakol tare. Matarsa ta kawo tuwon gero da miyar kuka, na ci loma uku na ture kwanon.

Cadakori

Talata ƙarfe shida mai kabu-kabu ya ɗauke ni a babur ɗinsa. An yi ruwa, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa. Mun isa takwas saura minti goma.

Motar tana nan bayan wani danga, kaji na kwana a cikinta. Na kwanta ƙasa na leƙa: babu tanki, babu wuya. Mai gidan ya ce maƙera sun yanke shi bara sun yi murhu.

"Amma akwai wata a Gidan Sori," in ji shi. "Ta Illiya direba. Shekara nawa tana ajiye, ya hana kowa taɓa ko ƙusa."

Na san da ita tun kafin in baro gida. Rana ɗaya Baba da Baffa suka sayo motocin nan biyu, lokacin suna jigilar wake tare. Kwana biyu ke nan ina kewaye-kewaye don kada in je wa mutumin da roƙo tun kafin wansa ya samu ganinsa. Na zauna a gindin bishiyar bedi kusan awa guda, sannan na ce wa mai kabu-kabu mu nufi Gidan Sori.

Gidan Sori

Mun isa bayan azahar. Na tarar da Baffa a zaure yana tufkar igiya. Ya tsufa fiye da zatona, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana.

"Ɗan Mamman? Mi ya kawo ka?"

Na zazzage buhun a gabansa. Ya shafa ƙarfen da yatsa, ya gane shi nan take.

"Mamman shina da rai?"

"Yana da rai, Baffa, amma jiki ya ƙi. Shi ya ce a kawo shi wurinka."

Ya tashi ya ɗauko makullai a tsohon gwangwani, ya yaye tabarmin da ya rufe motar, ya shige ƙarƙashinta da kansa. Na ce ya bari in kwance, ya ce ban san inda ƙusoshin suke ba. Minti arba'in ya yi a ƙasa. Ya fito da wuyan, da marfinsa, da robar haɗi, ya goge su da gefen rigarsa. Na sa hannu aljihu, ya dube ni da idon nan mai gani, na fitar da hannuna.

"Ku gyara motarku," ya ce. "Amma kar ku jijjiga shi bisa wagga hanya, mutuwa zai yi kamin Tsibiri. Ni ka zuwa, in an yanke hatsi."

"Baffa, hatsi ko kai bai fitar ba."

"Na ji ka. In an yanke."

Ya koma kan igiyarsa. Fura aka kawo min, na sha, na kwana a zauren.

Gida

Laraba na taso bayan sallar asuba, na sauka Gazawa ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Kafin magariba an ɗaura wuyan, ya zauna daidai, mota ta tashi bugu ɗaya. Baba ya ji ƙararta daga ɗaki. Da na shiga na same shi yana ƙoƙarin jawo hularsa da hannun da ke motsi.

Na faɗa masa inda na samo ƙarfen da abin da ƙanensa ya ce, ban rage komai ba. Ya yi lissafi da yatsu.

"Wata biyu," ya ce. Ya ajiye hular, ya juya fuskarsa bango.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa abokina na Tsibiri da iyalinsa, da mai kabu-kabun da ya sha taɓo tare da ni. Masu karatu, ku sa Baba a addu'a, Allah ya kai shi kaka.